Daga Hannun Ƙwararru Zuwa Hannun Kowa: Sauyin Wasannin Rigar Aro na Bidiyo da Yadda Suka Iso Babbar Kasuwar Kaduna

Tsakure

Wasannin bidiyo da ake taƙaita sunansu da RPG sun faro ne a matsayin sha'awar 'yan tsiraru masu juriyar karatu da lissafi. Cikin shekaru arba'in da suka gabata masu ƙirƙirarsu sun yi ta sassauta ƙa'idojinsu, har suka zama hajar da ake sayar da miliyoyinta. Wannan maƙala ta bayyana matakan wannan sauyi, sannan ta auna shi da yanayin Babbar Kasuwar Kaduna, ɗaya daga cikin hanyoyin da wayoyi da na'urorin gem ke bi su isa hannun matasan Arewa. Maƙalar ta nuna cewa sassaucin ya kawar da wahalar sarrafa wasa, amma bai taɓa shingaye uku da ke gaban ɗan wasa Bahaushe ba, wato lokaci da kuɗi da harshe. Saboda haka ɓangaren lissafi na wasan ne ya iso, ɓangaren labari kuwa ya tsaya a bayan Ingilishi. Daga ƙarshe an kawo misalin ƙasar Poland da na finafinan Indiya-Hausa domin nuna cewa fassara ce ke mayar da baƙon adabi na gida.

Fitilun Kalmomi: wasan bidiyo, rigar aro, gidan gem, fassara, Kaduna

1.0 Gabatarwa

Nazarin Hausa ya daɗe yana bin sawun kafafen da labari ke bi ya isa ga jama'a. An nazarci tatsuniya a bakin tsofaffi, da ƙagaggen labari a kan takarda, da wasan kwaikwayo a Rediyon Kaduna, da littattafan soyayya na Kano, da finafinan Kanywood. Wasan bidiyo, wanda matasa ke kira gem, bai samu irin wannan kulawa ba, alhali yana cinye sa'o'in da a da tatsuniya da littafi suke ci. Daga cikin nau'o'insa akwai guda ɗaya da ya fi kusa da adabi, domin an gina shi ne a kan tauraro da jigo da zance. Shi ne RPG.

A ƙasashen da ake ƙirƙirar waɗannan wasanni an daɗe ana muhawara a kan yadda suka bar hannun ƙwararru suka koma na kowa da kowa. Tsofaffin 'yan wasa suna kukan an tsarma musu ruwa a miya, kamfanoni kuma suna cewa ƙofa suka buɗe. Sai dai duk ɓangarorin biyu suna magana ne a kan mutumin da ke da na'urarsa a ɗakinsa, da wutar lantarki da ba ta yankewa, da harshen da wasan ke magana da shi. Matashin da ke sayen waya a Babbar Kasuwar Kaduna ba ya cikin wannan lissafi. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: idan an ce wasan ya zama na kowa, me ya iso hannun wannan matashi, kuma me ya maƙale a hanya?

2.0 Suna da Sigogi

Fassarar sunan kai-tsaye za ta ba da "wasan taka rawa", wanda Bahaushe zai iya ɗauka a matsayin rawar kiɗa. "Wasan kwaikwayo" kuma ya riga ya zama sunan wani reshe na adabi mai 'yan wasa da 'yan kallo. A nan an zaɓi "wasan rigar aro", saboda ɗan wasa yana shiga rigar wani tauraro ne, ya yi magana da bakinsa, ya yanke shawara a madadinsa, ya kuma ɗauki sakamakon abin da ya zaɓa.

Asalin nau'in ba a kwamfuta yake ba. A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi a zaune da takarda da fensir. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke bayyana wuri da abin da ke faruwa. Sauran kowa na da tauraronsa, wanda aka rubuta ƙarfinsa da wayonsa da lafiyarsa da alƙaluma. In ɗan wasa ya ce zai tsallake rami ko zai yaudari mai gadi, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, wadda fitacciyarta ke da fuska 20, ita za ta yanke ko ya yi nasara. Da aka mayar da wasan cikin kwamfuta, kamar a Ultima da Wizardry na 1981, sai na'ura ta karɓi aikin jagora da na ƙwaya.

Ana iya kasa sigogin nau'in gida biyu. Kashi na farko na lissafi ne: tauraro yana tara makin gogewa, yana hawa daga mataki zuwa mataki, yana sauya makami da sutura da waɗanda suka fi su. Kashi na biyu na labari ne: ana ba tauraro aike, yana yawo gari-gari, yana zantawa da mutane, yana zaɓar amsar da zai bayar, kuma zaɓin yana iya karkatar da ƙarshen labarin. Kashin farko ba ya buƙatar harshe, domin alƙalami ɗaya ne a ko'ina. Kashi na biyu kuwa harshe ne zalla. Wannan rarrabewa ita ce ginshiƙin abin da zai biyo baya.

3.0 Matakan Sassautawa

3.1 Jafan

Yunƙurin farko na kai wasan ga jama'a ya faru ne a Jafan. Yuji Horii ya san Ultima da Wizardry, ya kuma ga cewa sun yi wa yaro mai na'urar Famicom tsauri. A Dragon Quest, wanda kamfanin Enix ya fitar a 1986, ya taƙaita umarni zuwa ɗan jerin zaɓi, ya bar tauraro ɗaya tak, ya kuma sa mutuwa ba ta shafe ci gaban ɗan wasa, sai dai ya rasa rabin kuɗinsa. Akira Toriyama, wanda yara suka sani ta hanyar Dragon Ball, shi ya zana taurarin. Abu mafi muhimmanci shi ne wasan ya yi magana da Jafananci mai sauƙi. Lokacin da kashi na uku ya fito a Fabrairun 1988, mutane sun yi dogayen layuka, ɗalibai sun ƙaurace wa makaranta, har daga baya aka riƙa fitar da sababbin kashi a ranar Asabar.

A 1997 kamfanin Square ya fitar da Final Fantasy VII a na'urar PlayStation, a kan faifai uku, da hotuna masu motsi irin na fim da gagarumin talla a talabijin. Ya haura kwafi miliyan 10, kuma shi ya gabatar da nau'in ga ɗimbin mutanen Amurka da Turai. Pokémon, wanda ya fito a 1996, ya yi irin wannan aiki a tsakanin ƙananan yara.

3.2 Amurka da Turai

Jerin The Elder Scrolls na kamfanin Bethesda ya fi kowane misali nuna yadda aka yi ta ragewa. A Morrowind na 2002 akwai fannonin ƙwarewa 27. Kwatancen hanya a rubuce ake ba da shi, sai ɗan wasa ya karanta ya lalubo wurin da kansa, kuma takobi yana iya ratsa abokin gaba bai ji masa ciwo ba in ƙwayar da na'ura ta jefa a ɓoye ba ta yi kyau ba. A Oblivion na 2006 fannonin sun koma 21, an sa alama mai nuna inda za a dosa, an ɗauki muryar kowane zance, sara kuma ya zama sara. A Skyrim na 2011 sun koma 18, an kuma soke zaɓen sana'ar tauraro tun daga farko. Zuwa 2023 an sayar da fiye da kwafi miliyan 60 na Skyrim.

Kamfanin BioWare na Kanada ya bi irin wannan hanya a Mass Effect na 2007, inda aka maye dogayen jimlolin zaɓi da gajerun kalmomi a jikin da'ira, tauraro kuma ya furta sauran da muryarsa. Faɗan bi-da-bi, wanda kowa ke jiran layinsa kamar a dara, ya yi ta ja da baya, faɗan kai-tsaye mai buƙatar saurin yatsa ya maye gurbinsa.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Elden Ring na 2022, duk da tsananin wuyarsa, ya sayar da kwafi miliyan 12 cikin ƙasa da makonni uku. Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na Beljiyam ya fitar a 2023, ya dawo da faɗan bi-da-bi da ƙwaya mai fuska 20 a bayyane, kuma ya lashe kambun gwarzon wasan shekara. Waɗannan biyu sun nuna cewa jama'a ba sa gudun wahala ko yawan zance, matuƙar suna fahimtar abin da ake faɗa musu.

3.3 Waya da Wasan Kyauta

Mataki na uku ya shafi hanyar biya. A Satumban 2020 kamfanin miHoYo na birnin Shanghai a ƙasar Sin ya fitar da Genshin Impact, babban wasan rigar aro da ake saukewa kyauta a waya. Kuɗin kamfanin yana fitowa ne daga ƙuri'ar da ɗan wasa ke saye domin neman sabon tauraro ko makami, ba tare da ya san abin da zai fito masa ba. A ƙa'idar wasan, damar samun tauraro mafi daraja a kowane ja ita ce 0.6 cikin ɗari, sai dai an lamunce masa samu in ya kai ja 90.

A daidai wannan lokaci kashin lissafi ya fantsama zuwa nau'o'in da ba su da alaƙa da rigar aro. Assassin's Creed Origins na 2017, wanda aka gina a kan tsohuwar Masar, da God of War na 2018, duk sun ɗauki tsarin mataki da kayan yaƙi masu alƙaluma. Wasannin ƙwallo da na harbi ma sun ɗauka. Ta wannan ƙofa ce nau'in ya fi shigowa ƙasar Hausa.

4.0 Babbar Kasuwar Kaduna a Matsayin Mashiga

Babbar Kasuwar Kaduna tana tsakiyar gari, arewa da kogi, a gefen titin Ahmadu Bello, kuma a hukumance tana ɗauke da sunan Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992. Kasancewar Kaduna tsohuwar hedikwatar Jihar Arewa, kuma mahaɗar hanyoyin Legas da Abuja da Zariya da Kano, ya sa kasuwar da titunan da ke kewaye da ita suka zama wurin sauke kayan lantarki, sababbi da na hannu. Masu sayen su Hausawa ne da Gbagyi da Yarabawa da Ibo da mutanen kudancin jihar, kuma Hausa ce ta fi yawa a bakin ciniki.

Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya nuna yadda hanyoyin kwafar kaset a Kano suka zama tubalin da harkar fim ɗin Hausa ta hau. Gem ma irin wannan hanya ya biyo. PlayStation 2, wadda ta fito a 2000, ta yaɗu a Nijeriya ne bayan masu gyara sun ƙware wajen buɗe ta ta karɓi kwafaffen faifai. Wayar salula ta shigo a 2001, daga baya wayoyin Android masu rahusa irin su Tecno da Infinix da itel suka cika kasuwa. Sai masu turi suka bayyana, waɗanda ke zaune da kwamfuta suna loda wa mutane finafinai da waƙoƙi da gem a memori kan kuɗi kaɗan. Manhajar PPSSPP, wadda ta fito a 2012, ta ba waya damar buga wasannin na'urar PSP, Xender kuma ta sa aboki na iya tura wa aboki ba tare da ya ƙona data ba. Abin da ya ratsa wannan hanya shi ke isa unguwanni irin su Tudun Wada da Rigasa da Kawo da Unguwar Sarki. Shingaye uku ne ke tace shi.

4.1 Lokaci

Yawancin matasa sun fara taɓa gem ne a gidan gem, inda ake biyan kuɗi a kan kowane wasa ko a kan wasu mintoci, wasu kuma na tsaye suna jiran layi. Wasan ƙwallo na PES ko FIFA yana ƙarewa cikin kimanin minti goma, Mortal Kombat bai ma kai haka ba, kuma dukansu mutum biyu ke karawa 'yan kallo suna shewa. Wasan rigar aro kuwa na mutum ɗaya ne, kuma babban labarin The Witcher 3 kaɗai yana cin kimanin sa'o'i 50. Yana buƙatar ɗan wasa ya ajiye ci gabansa ya dawo gobe ya tarar da shi. Na'urar da mutum talatin ke taɓawa a yini, wadda kuma ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta kafin a tayar da janareta, ba ta dace da wannan ba. Mai gidan gem da ya bar mutum ɗaya yana karanta zance na sa'a guda ya yi asarar wasa shida.

4.2 Kuɗi

An fitar da PlayStation 5 a Nuwamban 2020 a kan dala 499, sababbin manyan wasanni kuma suka koma dala 70. A 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya ya zama naira 70,000, dala kuma tana kewayen naira 1,500. A wannan lissafi, wasa ɗaya ya kai kusan naira 105,000, wato albashin wata ɗaya da rabi, na'urar kuma ta haura albashin wata goma. Wasan kyauta ma ba kyauta ba ne. Genshin Impact yana cin fiye da gigabait 20, alhali wayoyi masu rahusa da yawa ma'ajiyarsu 32 ce ko 64, kuma ba ya buɗewa sai da intanet. Mai turi ba zai iya loda shi a memori ya sallami mai saye ba, kamar yadda yake yi da tsofaffin wasannin PSP.

4.3 Harshe

Wannan shi ne shinge mafi tsawo. Rubutun The Witcher 3 ya kai kimanin kalmomi 450,000, na Baldur's Gate 3 kuma kimanin miliyan biyu. Ba Ingilishin aji ba ne. Cike yake da tsofaffin kalmomi da kare-karen harshe da habaici da ba'a. The Witcher 3 ya zo da fassarar Larabci, amma daga cikin wasannin da aka ambata babu wanda ya zo da Hausa, duk da cewa Google Translate ya ɗauki Hausa tun 2013, Facebook kuma a 2016. Ɗan wasan da ba ya kama zancen yana iya bin irin alamar da aka sa a Oblivion ya isa inda aka aike shi, ya kashe wanda aka nuna masa, ya karɓi lada, ba tare da ya san dalili ba. Sassaucin da aka yi domin a rage wa Ba'amurke karatu shi ne ya ba Bahaushe damar gama wasa bai ji labarinsa ba.

5.0 Abin da Ya Iso

Wasan da ya fi koya wa matasan Arewa kashin lissafi shi ne Grand Theft Auto: San Andreas na 2004, wanda ba a ma lissafa shi cikin wasannin rigar aro. Tauraronsa, CJ, yana ƙiba in ya cika ci, yana murɗewa in ya je ɗaga ƙarfe, ƙwarewarsa a tuƙi da harbi tana ƙaruwa da yawan yi. Wasan ya dace da gidan gem saboda ana iya yin watsi da labarinsa gaba ɗaya, a shigar da lambobin sirri na makamai, a yi ta yawo da mota har lokaci ya cika. Haka PES 2009 ya zo da tsarin da mutum ke ƙirƙirar ɗan ƙwallo ɗaya ya raine shi daga benci zuwa shahara. FIFA 17 ya ƙara labari da zaɓin amsa ta hanyar tauraronsa Alex Hunter. A waya kuwa, Free Fire na 2017 da Call of Duty: Mobile na 2019 sun zo da mataki da muƙami da suturar da ake saye ko ake ci a ƙuri'a.

Wannan rabon yana da sakamako biyu da suka shafi manazarcin Hausa. Na farko ya shafi tarbiyya. Kashin da ya iso shi ne wanda aka ɗora hanyar tatsar kuɗi a kansa. Sayen ƙuri'ar da ba a san abin da ke cikinta ba shi ne abin da Bahaushe ke kira cinikin biri a sama, kuma ya yi kusa da abin da malaman fiƙihu ke kira garari, in ma bai kai caca ba. Ba a ƙasar Musulmi kaɗai ake wannan tuhuma ba: ƙasar Sin ta wajabta bayyana damar cin irin wannan ƙuri'a tun 2017, hukumar kula da caca ta Beljiyam kuma ta ayyana wasu nau'o'inta a matsayin caca a 2018. Kashin da bai iso ba kuwa shi ne wanda ke sa ɗan wasa ya tsaya ya auna tsakanin gaskiya da riba, ko tsakanin afuwa da ramuwa.

Na biyu ya shafi harshe. Matasa suna tattauna gem da Hausa, amma kalmomin fannin duk na aro ne, ana lanƙwasa su bisa tsarin sautin Hausa ana haɗa su da aikatau irin su "buga" da "ci" da "loda". Wannan rumbun kalmomi yana girma ba tare da an taskace shi ba, alhali Hausa tana da "aike" da "ayari" da "mataki" da "gogewa" da "guzuri", waɗanda za su iya ɗaukar ma'anonin ba tare da tilas ba.

6.0 Darasi Daga Warsaw da Kano

Halin da kasuwar Kaduna ke ciki ba sabo ba ne a duniya. A farkon shekarun 1990 kasuwar gem ta Poland ta kwafaffen faifai ce, kuma Marcin Iwiński da Michał Kiciński, waɗanda suka kafa CD Projekt a 1994, a irin wannan kasuwa ta Warsaw suka fara. A 1999 suka fassara Baldur's Gate na farko zuwa harshen ƙasarsu, suka ɗauko fitattun 'yan wasan kwaikwayo suka ɗora muryoyi, suka sa taswira da littafi a cikin kwali. An fitar da kwafi 18,000 a ranar farko, adadin da ya zarce duk abin da aka saba gani a can. Wannan kamfani ne daga baya ya ɗauki littattafan marubucin ƙasarsu, Andrzej Sapkowski, ya gina The Witcher a kansu a 2007, kashi na uku kuma ya haura kwafi miliyan 50. Sun fara da fassarar labarin wasu, suka ƙare da sayar wa duniya nasu.

Ƙasar Hausa ta ga rabin farko na wannan tafarki a fagen fim. Hausawa sun shafe shekaru suna kallon finafinan Indiya ba tare da jin harshen ba. Da ɗakunan fassara irin su Algaita a Kano suka fara ɗora muryoyin Hausa, da karin magana da barkwancin gida, sai Indiya-Hausa ta zama babbar haja a teburin masu turi. Mai kallo bai sauya ba, na'ura ba ta sauya ba, harshe ne ya sauya. A nahiyar Afirka kuma an riga an gwada rabi na biyu: a 2016 kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba a Yawunde ta Kamaru ya fitar da Aurion: Legacy of the Kori-Odan, wasan rigar aro da aka gina a kan sutura da tunanin Afirka, duk da matsalar wuta da ta jari.

7.0 Tushen da ke Gida

Shiga rigar wani ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A tashe, wanda ake farawa bayan azumi ya kai goma, yara suna zama Jatau mai magani ko Macukule ko Mairama da Daudu. A wasan gauta matan fada suna kwaikwayon sarki da fadawansa. Wanda ya fi kusa da rigar aro shi ne kalankuwa, inda samari da 'yan mata bayan kaka suke raba muƙamai irin su sarki da alƙali da ɗan sanda, kowa ya riƙe matsayinsa ba tare da rubutaccen zance ba, ƙa'idar muƙami ce kawai ke yi masa jagora. Wannan shi ne tsarin Dungeons & Dragons in aka cire ƙwaya da fensir.

A rubutaccen adabi ma akwai zubin da ya dace. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, labarin aike ne: Alhaji Imam ya bar Kwantagora neman ruwan da aka ce shi ne maganin ciwon ɗan sarki, yana bi gari-gari, kowane gari da abin da ya tarar, yana ta karo da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe. Babban aike ɗaya, da ƙananan aukuwa a kan hanya, da abokin karawa mai dawowa, su ne ƙashin bayan kowane wasan rigar aro. Abin lura shi ne Alhaji Imam da wayo da baki yake cin nasara fiye da ƙarfi. Wasan da za a gina a kan irin wannan tauraro dole ya dogara da kashin labari, wanda shi ne ya kasa isowa daga waje.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sauyin wasannin rigar aro daga teburin 1974 zuwa wayar 2020, ta nuna cewa a Jafan da Poland nau'in ya zama na jama'a ne a lokacin da ya yi magana da harshensu. A Babbar Kasuwar Kaduna gidan gem da tsadar na'ura da Ingilishi sun tace shi, suka bar mataki da maki da ƙuri'a. Kayan aro ba ya rufe katara. Lokaci da kuɗi ba sa hannun sassan nazarin Hausa, amma harshe yana hannunsu. Ayyuka uku suna jiran Jami'ar Jihar Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da takwarorinsu: taskace kalmomin da matasa ke amfani da su a gidajen gem da teburan masu turi, da samar da daidaitattun kalmomin fannin da mai fassara zai dogara da su, da shigar da labari mai rassa cikin darussan ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo, domin a samu marubutan da za su iya rubuta zancen da mai karatu ke zaɓar amsarsa. Gajeren wasa na Hausa, mai ƙaramin nauyi, wanda ba ya buƙatar intanet, zai iya bin hanyar memori da Xender da Indiya-Hausa ta riga ta share.